Mai Biya Daban, Mai Ganin Aiki Daban

A 'yan shekarun nan da wuya ka zaga Nima ko Mamobi ko Sabon Zango ba ka ci karo da gidan da ke da ɗa ko 'ya mai yi wa wani kamfanin Jamus ko Ingila ko Amurka aikin kwamfuta ba, alhali yaron bai taɓa taka ƙofar jirgi ba. Kamfanin da ya ɗauke shi yana nan Accra, kuma shi ne ke biyansa albashi, amma aikin da yake wuni a kansa na wani kamfani ne a ƙetare wanda ya bayar da shi kwangila: rubuta manhaja, ko gwada ta kafin a sake ta, ko kula da rumbun bayanai, ko amsa koken masu amfani da ita. Iyaye suna alfahari da wannan, kuma alfaharin nasu yana kan hanya. Ni ma sana'ar da nake ci da ita ke nan, na fara daga gwajin manhaja har aka damƙa mini jagorancin wani ƙaramin rukuni, kuma babu abin da ya fi damuna a wannan matsayi kamar yawan yaran kirki da nake gani suna shigowa da zafinsu, amma kafin a je ko'ina zafin ya huce, wasu su ajiye aiki, wasu kuma su ci gaba da zuwa da gangar jiki kawai, zuciya tana wani wuri.

Masu kamfani sukan ce yaran yanzu ba su da haƙuri, yaran kuma sukan ce kuɗin ne bai kai ba. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar, amma a ganina tushen matsalar yana cikin ƙirar sana'ar kanta. A yawancin ayyuka, wanda ke ganin ƙoƙarinka shi ne ke da ikon saka maka. A aikin kwangila irin namu an raba waɗannan biyun. Kwastoman da ke Hamburg ko Manchester shi ne ke ganin aikinka kullum, shi ya san daren da ka hana idonka barci ka gyara masa abin da ya lalace, amma ba shi da ta cewa a albashinka ko ƙarin girmanka. Manajan da ke Accra kuwa, wanda wuƙa da nama ke hannunsa, abin da ya sani game da kai bai wuce alƙaluman da ke fitowa a rahoton ƙarshen wata ba. Ma'aikaci yana tsakiya, yana yi wa wanda ba ya biyansa hidima, yana karɓar albashi daga wanda bai ga hidimar ba. Kusan duk wani ƙorafi da na taɓa saurara a ofis, in ka bi diddiginsa a hankali, nan zai kawo ka.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a Ghana. A shekarar 2000 kamfanin ACS na Amurka ya buɗe ofis a Accra, inda ma'aikata ke zama gaban kwamfuta suna shigar da bayanan takardun inshorar lafiya na Amurkawa, kuma cikin 'yan shekaru adadinsu ya haura dubu. A 2002 aka yi ta mamaki a jaridun Amurka cewa takardun tarar da jami'an birnin New York ke rubuta wa masu karya dokokin muhalli a Accra ake buga su cikin kwamfuta. A wancan zamani da saurin yatsu da ƙarancin kuskure ake auna mutum, a kuma biya shi gwargwadon haka. Aikin ya rufa wa gidaje da yawa asiri, amma bai cika koya wa mai yinsa abin da zai ɗauka ya kai wani wuri ba, kuma da na'urori suka iya karanta takardu da kansu sai ya yi ta ja da baya. Aikin yau ya fi wancan zurfi nesa ba kusa ba, sai dai ɗabi'ar auna mutum da adadi ba ta rabu da mu ba.

Tun daga lokacin ake ta gini. An buɗe cibiyar fasahar sadarwa ta Kofi Annan a 2003 da haɗin gwiwar Indiya, makarantar koyar da fasaha da kasuwanci ta MEST ta fara horar da matasa a 2008, a 2016 aka mayar da tsoffin ɗakunan ajiyar kaya na gwamnati da ke kusa da Circle suka zama Accra Digital Centre da tallafin Bankin Duniya, AmaliTech ya zo a 2019 yana horar da matasa yana haɗa su da kamfanonin Turai, sannan a 2025 gwamnati ta ƙaddamar da shirin koya wa mutum miliyan ɗaya rubuta manhaja. A bukukuwan buɗewa, lissafin da ake yi shi ne guraben aiki nawa za a samar, ba a cika tambayar ko wanda ya samu gurbin zai so ya zauna a cikinsa ba. Indiya, wadda ta yi wa kowa nisa a wannan harka, ta ɗanɗana kuɗarta: a watan Afrilun 2022 kamfanin Infosys, ɗaya daga cikin manyan masu irin wannan aikin kwangila a can, ya ba da rahoton cewa kashi 27.7 cikin ɗari na ma'aikatansa sun ajiye aiki don raɗin kansu cikin shekara guda, wato fiye da mutum ɗaya cikin kowane huɗu. Duk wanda ya tafi kuwa yana tafiya da sanin da ba a rubuta a ko'ina ba, irin su dalilin da ya sa aka gina wani sashen manhaja a karkace, da wanda ake kira a ofishin kwastoma idan abu ya cije, kuma wanda ya gaje shi sai ya share watanni kafin ya gano su.

A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa, suka fitar da sakamakon hirar da suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Sun nemi kowa ya ba da labarin lokacin da ya fi jin daɗin aikinsa da lokacin da ya fi jin haushinsa, sai suka tarar amsoshin biyu ba tushensu ɗaya ba. Ɓacin rai yakan taso ne daga dokokin kamfani, da halin shugaba, da albashi, da yanayin wurin aiki, jin daɗi kuwa daga aikin kansa, da cim ma wani abu, da yabo, da amanar da aka ɗora wa mutum, da ci gaba. Masana sun soki hanyar da aka bi wajen binciken, kuma akwai abin dubawa a sukar tasu, amma darasin ya dace da abin da nake gani: gyara albashi yana kwantar da ƙorafi, amma shi kaɗai ba ya haifar da himma. Abin da ke ɓata mini rai shi ne in ji manaja ya ɗauko wannan magana domin ya kauce wa ƙarin albashi. Yaron da mai gida ya tasa a gaba da kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, duk da doka ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida, ba shi da kunnen sauraron lacca a kan ma'anar aiki sai an fara sauke masa wannan nauyin.

Shekarar 2022 ta nuna mana haka ƙarara. Dalar da ake saya wajen sidi 6 a watan Janairu ta haura sidi 13 a Nuwamba, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 54.1 cikin ɗari a Disamba. Kwastoma yana biyan kamfani da dala ko yuro, kamfani yana biyan ma'aikaci da sidi, kuma kowa ya iya wannan lissafin. A lokacin ne na fi jin yara suna cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Maganar ba ta cika adalci ba, domin daga abin da kwastoma ya biya ake fitar da hayar ofis, da man janareta, da layin intanet biyu, da haraji, da albashin waɗanda ke zaune a benci suna jiran sabuwar kwangila. Amma ma'aikaci ba zai san haka ba in ba a gaya masa ba. Kamfanonin da na ga sun yi gum sun bar jita-jita tana yawo sun yi asarar amanar da ƙarin albashin da suka yi daga baya bai dawo da ita ba. Waɗanda kuwa suka tara ma'aikata suka buɗe musu lissafi, suka ce ga abin da ke shigowa, ga abin da za mu iya yanzu, kuma ga ranar da za mu sake zama, sun riƙe mutanensu ko da ƙarin bai taka kara ya karya ba. A 2025 sai ga sidi ya farfaɗo, dala ta sauko daga sama da sidi 15 zuwa wajen sidi 10 cikin 'yan watanni, waɗanda suka dage aka ɗaure albashinsu da dala suka ga abin da ke shiga hannunsu ya ragu alhali kuɗin haya bai sauko ba. Ko ta wace fuska canjin ya zo, wanda aka yi wa bayani tun da wuri ya fi ɗaukarsa da sauƙi.

Bayan kuɗi sai lokaci, kuma a nan ne mu 'yan zango muke da namu ciwon na daban. Agogon Ghana ba ya canjawa duk shekara, yana tafiya daidai da na Landan a lokacin sanyinsu, ya kuma bi bayansa da awa ɗaya a lokacin zafi, Jamus kuwa tana gabanmu da awa ɗaya ko biyu, shi ya sa kamfanoninmu ke tallata kansu ga Turawa da cewa muna farke lokacin da suke farke. Kwastoman Amurka shi ne mai wahalar. Ƙarfe tara na safe a New York, daga Maris zuwa farkon Nuwamba, ƙarfe ɗaya na rana ne a Accra, wato taronsu na safiyar Juma'a yana faɗawa daidai lokacin da ya kamata mutum ya kasance a sahu yana sauraron huɗuba. Mai yi wa kamfanin California aiki kuwa da la'asar yake farawa, ya tashi tsakar dare ko ƙarfe ɗaya. A watan azumi za ka ga yaro ya kashe makirfonsa a tsakiyar taro, ya jefa dabino a baki ya kurɓi ruwa, ya kunna ya ci gaba da bayani kamar ba abin da ya faru. Ranakun Sallah biyu hutu ne na ƙasa a Ghana, amma idan kwangila ta ce kalandar kwastoma za a bi, sai mutum ya sauko daga idi ya buɗe kwamfuta. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ƙayyade awa 8 a rana ko awa 40 a mako, da hutun shekara na ranakun aiki aƙalla 15, sai dai ba ta san da saƙon da ke shigowa waya ƙarfe sha ɗaya na dare da alamar gaggawa ba.

Akwai wata yarinya 'yar Mamobi da ta yi aiki a rukunina, mai natsuwa da kaifin ido, irin wadda takan gano kuskuren da mutum uku suka wuce ba su gani ba. Kwastomanmu na lokacin Ba'amurke ne, don haka sai goma na dare take tashi. Na lura walwalarta ta ragu, ta daina magana a taro, kuma na ɗauka gajiya ce, sai ga mahaifiyarta ta aiko a kira ni. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma da carbi a hannu. Bayan mun gaisa ta ce, “Ɗana, ni ban ce aikin nan ba shi da kyau ba, na ga amfaninsa a gidan nan. Amma 'ya mace ta sauko daga trotro ƙarfe sha ɗaya na dare, mutane suna zaune a ƙofar gida suna kallo, me zan ce musu?” Na ce, “Mma, gaskiyarki ce, ki ba ni ɗan lokaci in ga abin da za a yi.” Abin da ya ba ni mamaki shi ne sauƙin da maganin ya zo da shi. Da aka gabatar wa kwastoma da maganar, nan take ya ce aikin gwaji ba ya bukatar ta zauna har su tashi, awa uku na haɗuwa sun wadatar, sauran ta yi shi da safe. Bai taɓa sanin akwai matsala ba, domin kamfaninmu yana tsoron kada a ce muna da yawan sharuɗɗa, ita kuma tana tsoron kada a ce ta kasa. Wahalar da ta kusa raba ta da aikin, ba wanda ya taɓa neman ta sha ta.

Haka abin yake a wajen awo. Tunda manaja ba ya ganin aikin, sai ya dogara da abin da na'ura za ta iya ƙirgawa: tikiti nawa ka rufe, wato ƙorafi ko aiki nawa cikin waɗanda aka rubuta maka ka kammala, minti nawa ka ɗauka kafin ka amsa, ko ɗigon da ke gefen sunanka, mai nuna ko kana kan kwamfuta, kore ne ko ya koma ruwan ɗorawa. Wasu kwangilolin ma har da manhajar da ke ɗaukar hoton allon kwamfutarka lokaci-lokaci. Yaro mai wayo ba ya daɗewa yake gane cewa wanda ya tsinci tikiti ashirin masu sauƙi ya fi kyau a rahoto a kan wanda ya wuni a kan guda ɗaya mai wuya, ko da wannan ɗayan shi ne ya hana kwastoma asara. Daga ranar da ya gane haka, ko dai ya koyi tsintar masu sauƙi, ko ya ci gaba da ɗaukar masu wuya yana cizon yatsa. Ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Yammacin Afirka, na ga ma'aikata sun bazama gari suna bin dogon layi domin sayen sim na kamfanin da intanet ɗinsa bai ɗauke ba, da kuɗin aljihunsu, suna haɗa waya da kwamfuta a bakin titi don kada aikin kwastoma ya tsaya. A wani kamfani da na sani, rahoton wannan watan ya fito da jan launi a gaban sunayensu, babu ko layi ɗaya da ya ambaci abin da ya faru. Ba a rage wa kowa ko kwabo ba, amma na san waɗanda tun daga ranar suka fara neman wani aiki.

Akwai wani bincike da nake yawan tunawa da shi. Adam Grant da abokan aikinsa sun wallafa shi a 2007, a kan ma'aikatan da ke buga waya suna nema wa wata jami'ar Amurka gudummawa. An haɗa wasu daga cikinsu da ɗalibi ɗaya da ya samu tallafin karatu daga kuɗin da suke tarawa, suka yi hira ta 'yan mintuna kawai. Bayan wata guda, lokacin da waɗannan ke ɗauka a kan waya ya ƙaru da kashi 142 cikin ɗari, kuɗin da suke tarawa kuma da kashi 171, alhali waɗanda ba su ga ɗalibin ba suna nan yadda suke. Ma'aikacin kwangila shi ne ya fi kowa nisa da wanda ke cin moriyar aikinsa, domin tsakaninsu akwai kamfaninsa, akwai kamfanin kwastoma, akwai teku. Mun taɓa yin aiki a kan wata manhajar tsara lokutan ma'aikatan jinya a gidajen kula da tsofaffi, kuma ga yaranmu ba komai ba ce face jerin tikiti. Da muka roƙa aka haɗa mu da wata ma'aikaciyar jinya ta bidiyo, ta ɗaga wayarta ta nuna mana shafin da take buɗewa da asuba domin ta san ɗakin da za ta fara shiga, ta kuma ce duk ranar da shafin ya ƙi buɗewa akwai tsohon da zai jira a kan gado ba a ɗaga shi ba. Washegari wani yaro da ya daɗe yana aiki a sanyaye ya zo da jerin gwaje-gwajen da ba wanda ya sa shi, duk a kan abin da zai faru idan intanet ya yi rauni. Wannan haɗuwa ba ta ci ko sidi ɗaya ba, amma sai da aka yi ta roƙo kafin a amince da ita, domin kwangilar ba ta tanade ta ba.

Inda abin ya fi yi mini ciwo shi ne batun ci gaba. Kakanninmu da fataucin goro ya kawo su Gwanja suna da tsarin maigida da yaro. Yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar kaya, yana kwana a kan buhuna, yana shan faɗa, amma a cikin hidimar yana koyon gane goro mai kyau, yana sanin dillalai, yana ganin yadda ake ba da bashi da yadda ake karɓarsa, kuma ya san akwai ranar da maigida zai sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Haƙurinsa yana da inda ya dosa. A aikin kwangila sau da yawa akasin haka ake samu: gwargwadon ƙwarewarka, gwargwadon yadda za a kafe ka a wuri ɗaya. Kwastoma ya saba da kai, ba ya son a canja ka, kamfani kuma ba ya son taɓa abin da ke kawo kuɗi, sai ka shekara uku kana lallaɓa tsohuwar manhajar da kasuwa ta daina nema, yayin da wanda bai kai ka ba, saboda ba a riƙe shi ba, ya zaga kwangila uku ya koyi sababbin abubuwa. Ga kuma sharaɗin sirri da ke hana ka rubuta sunan kwastoma a takardar neman aikinka, ta yadda mafi kyawun abin da ka yi a rayuwarka ba ka da ikon nuna shi. Wasu kamfanoni suna ɗaure yaran da suka horar da yarjejeniyar cewa duk wanda ya tafi kafin wa'adi zai biya kuɗin horo. Ina fahimtar dalilinsu, horo yana cin kuɗi, amma wanda tara ce kawai ta riƙe shi yana ƙirga kwanaki ne, kuma ana ganin haka a aikinsa.

Ƙarƙashin duk wannan akwai fargabar da ba a cika furtawa ba, wato cewa wasiƙa ɗaya daga ƙetare tana iya rufe rukuni guda. A Satumban 2019 Andela, kamfanin da ke haɗa masu rubuta manhaja na Afirka da kamfanonin ƙetare, ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya da Kenya da Uganda, yana cewa manyan ƙwararru kasuwa ke nema. A Nuwamban 2022 Twitter ya sallami kusan dukan ma'aikatan ofishinsa na Accra kwanaki kaɗan bayan buɗe shi, kuma sai da suka shafe fiye da shekara suna bin haƙƙinsu. Waɗannan ma ma'aikatan kamfanin ne kai tsaye, balle wanda ke hannun ɗan kwangila. Yanzu kuma ƙirƙirarriyar basira tana cin irin ƙananan ayyukan da sababbin shiga ke koyon hannu da su. Ba mai iya yi wa yaro alƙawarin kwangila ba za ta ƙare ba, amma ana iya cire masa rabin fargabar ta hanyar cika abin da doka ta riga ta ba shi. Dokar fansho ta 2008 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 13 cikin ɗari na ainihin albashi, ma'aikaci kuma kashi 5.5, dokar ƙwadago kuma ta ce ma'aikacin wucin gadi da ya yi wata shida a jere a hannun mutum ɗaya a ɗauke shi tamkar na dindindin. Ina shawartar kowane yaro ya duba bayanan asusunsa na hukumar fansho ta SSNIT da kansa, kada ya tsaya ga abin da aka rubuta a takardar albashi.

Akwai wani reshe na sana'ar da ya shafe mu kai tsaye saboda harshenmu. Ana neman masu jin Hausa domin tace abubuwan da ake wallafawa a shafukan sada zumunta da kuma yi wa bayanai alama don horar da na'urori, kuma yaranmu suna murna idan suka ga Hausar gida ta zama abin neman kuɗi. Sai dai a sani cewa mai tacewa yana wuni ne yana kallon kisa da cin zarafi domin sauran mutane kada su gani. A 2022 aka shigar da ƙara a Nairobi a kan Meta, mai Facebook, da ɗan kwangilarsa, kamfanin Sama, game da yanayin irin wannan aiki, a watan Afrilun 2025 kuma jaridar Guardian ta Ingila tare da wata cibiyar binciken 'yan jarida suka ruwaito koken masu tacewa a nan Accra da ke aiki a kamfanin kwangila na Majorel, mallakar kamfanin Teleperformance, game da damuwa da rashin barci, ko da yake kamfanin ya musanta zarge-zargen. A irin wannan aiki maganar ƙwarin gwiwa tana zuwa ne bayan an tabbatar da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa, da taƙaita awannin kallo, da gaya wa mutum gaskiyar abin da zai gani tun kafin ya sa hannu.

Wasu suna ganin aiki daga gida shi ne maganin komai, suna kafa hujja da gwajin da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi da kamfanin Ctrip na ƙasar Sin, inda ƙwazon masu amsa waya daga gida ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari, barin aiki kuma ya ragu da rabi. Amma a wannan gwajin ma, da aka ba su zaɓi daga baya, wajen rabinsu sun koma ofis, da yawa saboda kaɗaici, kuma an ga ƙarin girma ya fi wuya ga wanda ba a gani. Wanda ke zaune a gidan haya mai ɗakuna goma a Nima, ga yara, ga rediyon maƙwabci, ga ɗaukewar wuta, ofis ne wurin hutunsa. A bar wa mutum zaɓi, ya fi kowa sanin gidansu.

Shugaban rukuni yana iya rage wannan tazara da ƙananan abubuwa, kuma ina ƙoƙarin yinsu: in tura wa manaja duk yabon da kwastoma ya yi da sunan wanda ya yi aikin, in bar mai aikin ya gabatar da shi da bakinsa a taro, in rubuta bayani a gefen duk adadin da ya ɓoye gaskiya a rahoto. Amma iyakar ikona ke nan, domin ainihin wurin gyara shi ne takardar kwangila, wadda ake sa wa hannu tun kafin a ɗauki yaron. A can ne ya kamata a rubuta cewa ba taro tsakanin ƙarfe sha biyu da rabi da ƙarfe biyu na ranar Juma'a agogon Accra, cewa hutun ƙasar Ghana ne ma'aikaci zai bi, cewa ra'ayin kwastoma a rubuce zai shiga cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma, cewa bayan wani wa'adi ma'aikaci yana da damar komawa wani aikin ba tare da an ɗauke shi mai laifi ba. Yanzu da gwamnati ta ƙaddamar da shirin tattalin arzikin awa 24 a watan Yulin 2025, aikin dare zai ƙaru, don haka motar da za ta kai ma'aikaci har ƙofar gida da alawus na dare su ma ya kamata su shiga farashin da ake gaya wa kwastoma tun farko, maimakon a rage farashi don a ci kwangila sannan a fanshe a jikin yara. Kwangilar rukuninmu za ta zo sabuntawa bayan Babbar Sallah, kuma na riga na miƙa wa manajanmu waɗannan sharuɗɗa a rubuce. Ya amince zai gabatar da na Juma'a da na sauya aiki, na motar dare kuwa ya ce sai ya ga yadda kwastoma zai karɓi sabon farashin.